Kwalbar da Yaya Sani Ya Bar Mini Amana

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana, Dokta Sani, malamin kimiyyar sinadarai, kuma sai yau na samu bakin faɗin ɓarnar da na yi masa.

Da ya dawo gidanmu na Unguwar Dosa daga karatu a Turai, ina budurwa mai rawar kai. Na buɗe akwatinsa neman tsaraba, na tarar da 'yan kwalabe biyu sirara, an narkar da bakinsu da wuta an rufe, cike da baƙin gari mai ƙyalli. Na ce tozalin Turai ne. Na fasa ɗaya na juye a tandu, na adana don bikin ƙawata. Kafin ranar bikin, garin ya koma launin tsatsa. Aikinsa na shekara uku ke nan.

Na zaci zai yi faɗa, amma sai ya ja ni bayan gida, ya tumɓuke wake, ya nuna mini 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar. Ya ce a cikinsu akwai ƙwayoyin halitta masu kamo wani sinadari daga iska su mayar da shi taki, kuma abin da ke wannan aiki wani ɗan curi ne na ƙarfe da farar wuta, wanda ido ba ya gani. Shi da abokan aikinsa suna ƙera kwaikwayon curin ne a ɗakin gwaji don su gane dabarar. Sai dai nasu, wato baƙin garin nan, iska na taɓa shi ya lalace.

"Binta, na Allah yana nan a ƙasa," in ji shi. "Nawa kwafi ne."

Da ciwo ya kwantar da shi, ni ya miƙa wa kwalbar da ta rage da littafin aikinsa, ya ce in ajiye wa 'yarsa Hadiza. Na naɗe kwalbar da auduga, kullum gabana na faɗuwa a kanta. Littafin kuwa na jefa shi ƙasan akwati.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga manoman Mando suna kwana biyu a layin taki. Na san zai ji takaici. Na kuma san zai yi dariya idan ya ji har yau kwafin masana bai kamo ƙafar wake ba.

Bara, da Hadiza ta shiga shekarar ƙarshe a jami'a, a fannin mahaifinta, na ɗauko amana. Ina warware audugar na ga kwalbar ta tsage, garin ya yi tsatsa. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar jana'iza, don sau biyu ke nan ina ɓata masa aiki. Hadiza kuwa littafin kawai ta ɗauka.

Ashe abin da na wulaƙanta shi ne gadon. Komai yana ciki da rubutun hannunsa, har da kurakuran da ya yi da yadda ya gyara su. Sau huɗu ita da malaminta suna gwada haɗa garin, iska na lalata shi.

Makon jiya ta zo mini da wata 'yar kwalba, bakinta a narke, baƙin gari kaɗan yana ƙyalli a ciki. Ta sa mini a tafin hannu, ta riƙe yatsuna da nata.

"Gwaggo," ta ce, "wannan fa ba tozali ba ne."

Allah Ya jiƙan Yaya Sani.