Baƙaƙen Ƙwayoyin Kawu

Yau na ga an mai da ɗakin Kawu na Ƙofar Sauri shagon cajin waya, sai raina ya sake ɓaci. Malamin kimiyya ne, a nan yake gasa garin ƙarfe, ɗaki duk ƙauri, ya fito da baƙaƙen ƙwayoyi. Ya taɓa ɗora mini ɗaya a tafin hannu, da ɗuminta, ya ce, "Ɗiyata, cikinta hawa-hawa ne. In ta yi sanyi sosai, ƙananan maganaɗisun ciki sahu suke yi kamar masallata."

Ana share makokinsa ƙannensa suka ce ƙwayoyin nan kayan tsafi ne, suka zuba su a masai. Mutumin da jam'i bai wuce shi!

Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu. Ni kuma Ya ba ni zuciyar yafe musu, don har yau ba ni da ita.