Wushiryar Mai Makulli

Duk layinmu babu wanda bai san Mai Makulli ba, Allah ya jiƙansa. Shagonsa ɗan mitsitsi ne, idan ya zauna a ciki ya buɗe hannuwa yana taɓa bango biyu. Makullai rataye a ƙusoshi, injin yanka guda ɗaya mai tsiwa, da magagari uku da ba ya ba kowa aro, har ni da na yi shekara ashirin da biyu ina facin taya a jikin shagonsa. In ka kawo masa kwaɗo, ba zai ɗauki kayan aiki ba sai ya juya shi, ya leƙa cikinsa, ya hure ƙurar. Sannan ya gurza makulli kaɗan, ya gwada, ya ƙara gurzawa kaɗan, ya gwada. Mai gaggawa ya ce, "Baba, a yi sauri mana," sai ya ce, "Abin da na gurje ba ya dawowa, ɗana. Samu wuri ka zauna."

Amma makulli hanyar cin abincinsa ne kawai. Ransa yana can saman benen da yake haya, kusa da tankin ruwa, inda ya kafa wa tantabarunsa ɗaki da katako da waya. Kullum la'asar yakan rufe shago ya hau ya sake su. Su yi ta kewaya sama har rana ta karkata, sannan ya miƙe tsaye ya yi musu fito.

Allah ya ba shi wushirya siririya, wadda tsinken ashana yake shiga da ƙyar, kuma ta nan fiton yake fita: dogo ɗaya, gajeru biyu, sannan wani ɗan lanƙwasa a ƙarshe kamar mai tambaya. Da sun ji sai su zubo kamar an kwance bakin buhu. Shugabarsu wata tsohuwa ce mai ruwan toka da ɗingishi, yana ce mata Gwaggo saboda faɗa. In Gwaggo ta sauka kowa ya sauka, in ta ƙi babu mai saukowa. Matarsa takan ce, "Da ni ce na ɓata, sai ya ji yunwa zai lura. Gwaggo kuwa ko makara ta yi sai ya fara safa da marwa."

"Ke ai kin san hanyar gida," in ji shi.

Wata shekara ƙaba ta matsa masa, likita ya ce sai an yi aiki. Da safen ranar da za a kwantar da shi ya hau ya yi sallama da tantabarun. Babbar 'yarsa, wadda yake kira Uwata, ta bi shi da waya tana ɗaukarsa hoton bidiyo don tsokana. Ya yi fito, suka sauko, ya juyo ya washe mata baki ya ce, "Ɗauki da kyau, ki nuna wa mijinki irin surukin da ya samu."

Aikin ya yi kyau. Sai dai da ya farfaɗo daga allurar barci, harshensa ya je inda ya saba tsayawa ya tarar da ƙofa a buɗe. Haƙoran gaba biyu na sama, ɗaya babu shi sam, ɗaya ya rage gutsure. Wata nas ta miƙo masa 'yar kwalba da abu yana ƙara a ciki.

Ya dubi kwalbar, ya dube ta, ya ce, "Malama, ƙasa aka ce za a yi aikin. Me ya kai ku sama?"

Ta ce, "Wajen sa bututun numfashi ne, Baba. Yakan faru." Ta wuce abinta.

Mu dai dariya muka yi ta yi masa, shi ma ya taya mu. Dariyar ta ƙare ranar da ya iya hawa bene. Ya saki tantabaru, rana ta karkata, ya miƙe ya ja numfashi. Abin da ya fito iska ce kawai, irin ta tayar da ta kwana da ƙusa. Ya sake, ya sake. Gwaggo ta kewayo sau biyu, ta leƙo shi, ta wuce ta sauka a rufin Mai Gilashi da ke tsallaken titi, wanda shi ma yake kiwon tantabaru. Rabin garken suka bi ta.

Mai Gilashi ba mugu ba ne. Ya ce, "Ni ban kira su ba, amma ba na korar baƙo a kan hatsi." Wasu sukan dawo don kansu da magariba, wasu su kwana can. Duk mai kiwon tantabara kuwa ya san wadda ta saba kwana a wani ɗaki ta zama ta can. Mun gwada usur na alƙalin wasa, suka ƙara nisa. Mun gwada kaɗa hatsi a gwangwani, na Mai Gilashi suka zo suka cinye. Na ce bari in gwada nawa fiton, ya saurara ya ce, "Mai Faci, rufe bakinka, kada su ɗauka gobara ce."

Daga nan ya daina dariya da baki buɗe. Ya koma magana da hannu a kan leɓe. Da la'asar sai ya zauna a kan wani tsohon bokiti yana kallon tsallaken titi.

Uwata ce ta ce a nemi diyya. Ya ce shi bai iya rigima da masu fararen riguna ba. Ta ce, "Baba, da kai ne ka karya wa mutum kwaɗo, me za ka yi?"

"In gyara masa, in ba shi haƙuri."

"To su wanne suka yi?"

Washegari ya sa rigarsa mai kyau.

Ta kai shi wurin wata lauya, ni ma na bi su don in riƙe masa kwalbar. Lauya ta ce ba kowane haƙori da ya karye a tiyata ne sakaci ba. Dole a nuna akwai abin da ya kamata a yi ba a yi ba, kuma shi ne ya jawo cutar. Ta rubuta wa asibitin ta nemi fayil ɗinsa. Da fayil ya zo, sai ga shafin da likitan allurar barci ya kamata ya duba bakin majinyaci kafin aiki, ya rubuta yadda haƙoransa suke, ya kuma gargaɗe shi. Shafin fari fat, ko ɗigon biro babu. Asibitin kuma suka aiko da wasiƙa cewa haƙoran dama suna girgiɗi saboda shekaru.

Wannan ya fi karyewar haƙoran ɓata masa rai. Ya ce, "Girgiɗi? Ni da nake buɗe murfin kwalba da su?"

Lauya ta ajiye biro ta ce, "Baba, don girman Allah, kada ka faɗi wannan a gaban kowa."

Ranar zama da kwamitin asibiti aka shigar da mu wani ɗaki mai dogon tebur da sanyin na'ura. Shugaban kwamiti, mai tabarau a kan karan hanci, ya yi ta juya takardu. Can gefe likitan allurar barcin yana zaune, idanunsa ja kamar wanda bai san katifa ba. Shugaba ya ce sun tausaya, amma haƙori biyu ne, kuma mutum mai shekaru irin na Baba.

Mai Makulli ya buɗe baki ya ce, "Ranka ya daɗe, ni da nake buɗe…" Uwata ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur har sai da ya ce wash. Ta ciro waya ta ajiye a tsakiya ta kunna hoton safen ranar aiki. Ga shi tsaye kusa da tanki, fito ya cika ɗakin, tantabaru suka zubo, ya juyo ya washe baki: haƙora biyu farare a tsaye, da wushirya a tsakani.

Lauya ta ce, "Baba, yi musu fiton yanzu."

Ya miƙe, ya gyara riga, ya ja numfashi. Fuuu. Takardar da ke gaban shugaba ta ɗan motsa. Wani a ƙarshen tebur ya fara dariya ya mayar da ita tari.

Sai Mai Makulli ya juya wajen likitan, ba da faɗa ba, ya ce, "Ɗana, ni ko kwaɗon ƙofar banɗaki aka kawo mini, sai na leƙa cikinsa kafin in sa ƙarfe. Kai ka leƙa nawa?"

Lauyan asibiti ya ɗaga hannu zai hana shi amsawa, amma likitan ya riga shi. Ya ce, "Ban leƙa ba, Baba. Aiki ya yi mini yawa ranar, na tsallake. Ka yafe mini."

"Na yafe maka," in ji Mai Makulli. "Saura Gwaggo."

Shugaba ya tambayi lauya ko Gwaggon tana cikin masu ƙara.

Ba a je kotu ba. Asibitin ya amince ya rubuta takardar ban haƙuri, ya ɗauki nauyin sababbin haƙora, ya kuma ba shi wani abu na wahalar da ya sha. Da aka karanta masa yarjejeniyar ya ƙi sa hannu. Ya ce a ƙara kalma biyu: da wushirya. Lauyan asibiti ya ce tunda yake bai taɓa rubuta wannan a takarda ba. Mai Makulli ya ce, "Yau ka fara." Aka rubuta.

Likitar haƙori mai son aikinta ce. Ta dasa masa haƙora biyu masu kyau, a haɗe tsaf kamar na talla, ta miƙo masa madubi tana jiran yabo. Ya duba ya ce, "'Yata, kin rufe ƙofar da nake nema." Ya nuna mata yarjejeniya. Ta ce mutane kuɗi suke biya a toshe musu wannan. Ya ce, "Su ba su da tantabaru."

Ta tambaye shi faɗin da yake so. Ya ce bai sani ba, makulli ba a yanka shi da baki, sai a jikin kwaɗo. A gurza kaɗan, a gwada. Haka aka yi. Ta gurza kaɗan, ya hau babur ya je saman bene ya yi fito, Gwaggo ta yi kamar ba da ita ake ba, washegari ya koma. Sau huɗu. Kullum tana so ta ƙara da yawa a huta, yana riƙe mata hannu yana cewa, "Abin da kika gurje ba ya dawowa."

A karo na biyar ita ce ta gaji. Ta ce, "Baba, ina son in ga wannan Gwaggon da ta raina mini aiki." Ta tashi daga aiki da la'asar, ta sako wani siririn abin gurza kamar zare a jaka, ta biyo mu har bene na uku tana haki. Aka zaunar da shi a kan bokitinsa, ni na riƙe masa kai, matarsa ta riƙe madubi tana cewa, "Ni ko kitso ba a taɓa biyo ni da shi gida ba."

Likita ta ja zaren sau uku. Ya yi fito, ya fito da ɗan kauri. Ta ja sau biyu. Ya lashi wurin, ya ɗaga mata yatsa ɗaya. Ta ja sau ɗaya. Ya miƙe.

Dogo ɗaya, gajeru biyu, sannan ɗan lanƙwasan nan.

A tsallaken titi Gwaggo ta ɗago kai daga hatsin Mai Gilashi. Ta tsaya jim kamar mai tuna wani abu. Sai ta tashi, ta tsallako, ta sauka a kan tanki, ta ɗingiso ta sauka a kafaɗarsa ta sare shi a kunne. Sauran suka zubo a bayanta. Likitar haƙori ta yi ta tsalle da farar rigarta. Mai Gilashi ya ƙwala daga rufinsa, "A biya ni hatsina!" Mai Makulli ya ce, "Nemi lauya!" Ya yi dariya da baki buɗe, karo na farko a wata bakwai.

Shekara uku ya ƙara yana fiton nan. Wata safiya ya buɗe shago, ya zauna, ya ɗauki wani kwaɗo yana leƙa cikinsa. Na yi masa magana ta bango bai amsa ba. Na leƙa na same shi ya jingina da makullansa, magagari a cinya, rai ya yi halinsa.

Bayan kwana uku na tuna ba a saki tantabaru ba. Na hau na buɗe musu, suka tashi. Rana ta karkata, sai na ga ban san yadda zan sauko da su ba. Na yi nawa fiton, suka ƙara nisa, kamar yadda ya faɗa. Na zauna a kan bokitin ina kuka kamar ƙaramin yaro.

Uwata ce ta hawo ta same ni. Ta ciro waya, ta nemo hoton nan da aka kunna wa kwamiti, ta ɗaga sama ta ƙure muryar wayar. Gwaggo ta sauko. Ta sauka a kan tanki, ta dubi hagu ta dubi dama, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗingisa ta shiga ɗaki, sauran suka bi ta.

Uwata ta tura mini hoton a wayata. Yanzu ni nake rufe wurin faci da la'asar in hau. Ba na kashe shi da zarar fiton ya ƙare. Nakan bari ya juyo ya washe baki, ya ce a ɗauka da kyau.