Duk Yadda Kuka Gani, Malama

A gidanmu na unguwar Limanti an koya mini cewa yarinyar kirki ba ta karɓar abu a tayin farko. Idan baƙo ya miƙo miki alewa, sai ki sunkuyar da kai ki ce a'a, kin gode. Sai ya sake miƙowa, ya matsa, sannan ki karɓa da hannu biyu. Na iya wannan sosai, har Inna tana misali da ni.

Shekarar da mutanen ƙauyuka suka kwararo cikin gari, ɗiyar gwaggona ta iso gidanmu da silifas ƙafa daban-daban, ɗaya shuɗi, ɗaya ja. Sa'ata ce, shekarunmu ɗaya. An kashe babanta a gona, uwarta kuma tana sansanin gudun hijira da ƙannenta. Katifa ɗaya muke kwana, aji ɗaya aka sa mu. Ita ba ruwanta da jiran tayi na biyu. In Inna ta ce wa zai ƙara tuwo, kwanonta ya riga ya isa bakin tukunya.

An zuba 'yan gudun hijira a makarantarmu, sai aka mayar da mu wata makarantar, muna shiga da rana bayan masu ita sun tashi. Wata Laraba shugabar makaranta ta aiko a kira mu, ni da ita. A ofis mun tarar da wata baƙuwa mai farin gilashi, tana juya biro a kan takarda. Shugaba ta ce ana kwashe ɗalibai mata zuwa makarantar kwana a wata jiha, kyauta, kuma gurbi ɗaya ya rage. Ni ce ta ɗaya a ajinmu, ɗiyar gwaggona ta biyu.

Baƙuwar ta dube ni. "Ke za mu fara tambaya. Kina so?"

Ina so mana. Na gaji da tsallen da zuciyata ke yi duk lokacin da tayar mota ta fashe, ina zaton bam ne. Amma ban taɓa zama na faɗa wa kaina ba, balle wani. Na kalli ƙafar teburin, inda aka tokare ta da guntun kwali, na ce, "Duk yadda kuka gani, Malama." Na tsaya ina jiran ta sake tambaya.

Ba ta sake ba. Ta juya wajen ɗiyar gwaggona.

"Ina so," in ji ta. "Kimiyya zan karanta, in zama mai gwajin jini a asibiti. Yaushe ne tafiyar?"

Biron ya sauka a kan takarda. Ina jin ƙararsa.

A hanyar gida muka wuce shingen sojoji inda ake tafiya hannu a sama, muka sauke hannayenmu. Na ce, "Ai kin san ina so."

"A ina zan sani? Kin faɗa?"

"Jira nake ta sake tambaya."

Ta yi dariya har tana dafa katanga. "Ta sake? Ke 'yar gata, alewa kika ɗauka ake rabo? Ranar da muka gudu mota ɗaya ce ta tsaya, ba wanda aka tambaya sau biyu. Masu kunya suna can."

"Gurbina ne."

"Da naki ne. Ke ko ƙosai aka ce ki zaɓa sai kin kalli fuskar mai suya."

Na yi zaton Inna za ta koma makarantar ta yi magana. Tana tsintar shinkafa na ba ta labari, ina kuka. Ta ɗago ta ce, "Allah ya yi miki albarka. Kin bar wa marainiya." Kafin magariba duk layinmu sun ji. Mata suna shigowa suna shafa kaina, wai ba a samun irina yanzu. Ban iya gaya wa kowa cewa ba bar mata na yi ba.

Ranar tafiya Inna ta juye kayana a buhu, ta ba ɗiyar gwaggona akwatina na ƙarfe, ta ce in rakata tasha. Ni na ɗauko shi a ka. Da motar za ta tashi ta leƙo ta taga, sanye da hijabina na Juma'a, ta ce, "Yanzu sai ki ci gaba da zama ta ɗaya, ba mai takura miki."

Bayan sati biyu aka rufe makarantun garinmu. Shekarar nan gaba ɗaya a tsakar gida na yi ta, ina wanke-wanke, ana yabon halina.