Kwaɗon Kududdufin Kakata

Kukan kwaɗi bayan ruwan farko ya tuna mini da kakata. A gefen gonarta ta Abu Hujar akwai kududdufi mai ƙamshin laka. Wata damina wani malamin jami'a daga Khartum ya kamo ɗan kwaɗo mai jan ciki a wurin, bai kai babban yatsa ba. Ya ce za su raɗa masa suna da harshen Latin, don nan kaɗai ake samun irinsa.

Kaka ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ikon Allah. Iyayena sun tako tun daga Sakkwato, shi kuwa iyakar duniyarsa ke nan."

Da kawuna ya so cike wurin ya shuka dawa, sai ta hana shi: "To, shi ina zai je?"

Allah ya yalwata mata makwanci.