Shinkafar da Abdussamad Bai Dafa Ba

A unguwar Bani Harisa ta Madina, duk gidan Bahaushen da aka yi rasuwa cikin shekara talatin ɗin nan, da wuya a ce ba a ci shinkafar Abdussamad a cikinsa ba. Sana'arsa ke nan, girkin zaman makoki. Mutanen Madina suna da abincinsu na kwana ukun ta'aziyya, shinkafa da nama da waken da suke kira hummus, jikokin alhazan da suka zo suka zauna kuwa sun ɗauki al'adar har sun so su fi masu ita. Abdussamad ba ya awo da komai sai tafin hannunsa. Yana kuma da hali guda da kowa ya san shi da shi: ba ya zama sai baƙo na ƙarshe ya wanke hannu. Yana nan tsaye bakin ƙofa, tawul a kafaɗa.

'Yarsa Sundus ce ta raina tukwanen nan, kuma ban ga laifinta sosai ba, don ta tashi yara suna ce mata 'yar mai shinkafar matattu. Da ta gama sakandare ta ce girki za ta koya, amma na gaske, na farar hula da takardar shaida, a wata makarantar kuɗi. Shekara biyu, riyal dubu sittin. Ta zo wa uban da lissafi a waya: otal-otal na kewayen Harami suna neman mata masu difloma, cikin shekara guda kuɗin zai dawo. Yana tambaya da Hausa, tana amsawa da Larabci, kamar kullum. Maganar "na gaske" ta soke shi, amma ya haɗiye. Bayan mako ya kawo kuɗin, bai faɗi inda ya samo ba, ita ma murna ta hana ta tambaya.

Saura wata uku ta gama, zuciyarsa ta tsaya yana wankin tukunya. A makokinsa daga gidan abinci aka sayo shinkafa. Mutane suka ci kai a sunkuye, abin kuwa ya fi zagi ciwo. Rana ta uku aka yi cigiyar masu bin sa bashi. Sai Hajiya Zinariya, wata tsohuwa mai sayar wa alhazai turare da carbi a wajen masallacin Ƙiblatain, ta ce ita ce. Dubu sittin ya karɓa, ya biya dubu goma.

Sundus ta ji malamai suna cewa ran mamaci a rataye yake har sai an sauke masa bashi. A da magana ce kawai ta wa'azi. Yanzu kuwa ubanta ne a rataye, kuma ita ce igiyar. A gaban mata ta ce bashin ya dawo wuyanta.

Ta samu aikin otal ɗin, ba a yi mata ƙarya ba. Abin da ba a gaya mata ba shi ne albashin dubu huɗu da ɗari biyar ne, aikin kuma suyar ƙwai da yankan kankana ga baƙi dubu kowace safiya. Miyar Turawan da ta kwashe shekara biyu tana koyo, ko sau ɗaya ba a nema ba. Wani Adam ɗan Cadi da ke kusa da ita ba shi da ko takardar tsire, amma ya fi ta saurin wuƙa. Duk wata takan kai wa Hajiya dubu biyu, ta ba uwarta Huda na cefane, ta riƙe na mota. In ta auna, uban yakan samu fiye da haka a zaman makoki biyu.

A cikin watannin nan ne Huda ta fara ganinsa a mafarki. Takan faɗa da safe wajen shan shayi, ba tare da wani tsoro ba, kamar mai ba da labarin maƙwabci: ya zo jiya, yana tsaye bakin ƙofa da tawul ɗinsa, ta ce ya shigo ya zauna, ya ƙi. Sundus takan ajiye kofin. In ta tashi aiki sai ta bi ta gefen maƙabartar Baƙi'a, ta tsaya a waje inda mata ke tsayawa, ta leƙa ta ƙarfen shinge. Kaburbura ne ba suna, ba lamba, duk iri ɗaya. Ba ta san wanne ne nasa ba. Abin da ya rage mata na shaida a kansa shi ne bashin.

Wata ashirin ta yi tana biya. Ranar da ta haɗa dubu goman ƙarshe, har da sayar da awarwaronta, Hajiya Zinariya ta mayar mata da ambulan ɗin.

"Ragowar ba kuɗi ba ne, 'yata. Da ubanki muka yi, goman ƙarshe shi zai dafa shinkafar makokina, kwana uku. Ba ni da ɗa a garin nan. Ba na so a ci ta gidan abinci a kaina ana sunkuyar da kai."

Sundus ta roƙe ta ta karɓa, ko kuma ta yafe masa.

"In laifi ya yi mini, na yafe duniya da lahira," in ji tsohuwar. "Alkawari kuwa ba laifi ba ne."

Nan fa ake yin ta. Ga mai difloma, ga tukwanen uba a ɗakin ajiya, amma ba ta iya shinkafarsa ba. Duk ranar hutunta takan dafa kaɗan ta kai Ƙiblatain, Hajiya ta ɗanɗana ta ce da saura. Tafin hannun Sundus bai kai nasa ba, shi kuwa mai hannun ba ya nan balle a auna. Huda ce ta tuna cewa gwangwaninsa na gishiri tukunya shida yake yi masa daidai, na kayan ƙamshi kuma tara. Sundus ta cika su, ta ɗora kan sikelin makaranta, ta raba. Ko ba komai karatun ya yi wannan ranar. Da Hajiya ta ɗanɗana wannan karon ba ta ce da saura ba, sai ta juya fuska bango.

Abin da ya biyo baya shi ne Sundus ba ta son tunawa. Bashin ba zai biyu ba sai tsohuwar ta mutu. Ta tsinci kanta tana sauraron tarin Hajiya, tana duba ko ƙafar ta ƙara kumbura, sai ta yi istigfari, jibi kuma ta sake. Tsohuwar ba yarinya ba ce. Takan yi dariya ta ce, "Kin zo duba ko na nuna? Da saura." Sundus ta tsani kanta, kuma ga shi ta fara son matar.

Hajiya Zinariya ta rasu ana tsakiyar cunkoson alhazai, lokacin da otal ba ya ba kowa hutu ko na yini. Shugaban kicin ya ce in ta tafi kwana uku, kada ta dawo. Ta tsaya ta yi lissafin da ta saba, na haya da na cefane, lissafin bai goyi bayanta ba. Ta ninke farar hular ta ajiye masa a kan tebur.

Kwana uku ta yi a kan tukwanen. Tsofaffin unguwa suna kai loma sai su ɗago kai suna duban ƙofa. Ita ce a wurin, tsaye, tawul a kafaɗa, ba ta ma san ta ɗauko shi ba. Sai da mace ta ƙarshe ta wanke hannu sannan ta zauna.

Mako guda ya wuce Huda ba ta ba da labarin kowa wajen shayi ba. Sundus ce ta gaji ta tambaya, da Hausa wannan karon, ko Baba ya zauna.

Huda ta daɗe tana juya cokali a kofi.

"Bai ƙara zuwa ba," ta ce. "Kin biya, ya tafi. Da ma a mafarkin nan kaɗai nake ganinsa."