Awa Goma Sha Huɗu a Kan Kujera

Shekara talatin Mama Hannah tana sayar da doya a Dutsen Kura, kuma ba wanda ya taɓa ganin ta zauna ta gama cin abinci. Mace ce mai ƙafar yawo a cikin rumfa ɗaya. Ko da gwiwoyi suka fara yi mata tsiya, in ta zauna minti ashirin sai sun ƙage, sai ta mai da tsayuwa magani.

Sai ga 'yarta Dorothy, ma'aikaciyar jinya a Toronto, ta haihu. Jikan fari. Takardu sun fito, tikiti kawai ya rage. Hannah, wadda iyakar tafiyarta Kaduna, ta tambayi mijinta Irimiya nisan wurin.

"Kilomita kusan dubu tara daga Abuja," in ji shi. "Awa goma sha huɗu a sama."

Kilomita ba ta dame ta ba, ba ta san shi ba balle ta ji tsoronsa. Awannin ne suka tsaya mata a rai. Ita a saninta jirgi motar haya ce mai fiffike: ka shiga, a matse ka, ba motsi sai an isa.

Ranar Litinin ta rufe rumfa, ta ɗauko kujerar roba, ta zauna a tsakar gida tun ƙarfe biyar na asuba. Gwaji za ta yi. Ta ƙi shan ruwa don kada fitsari ya tashe ta. Irimiya ya yi dariya har ya gaji, sannan ya daina, don ya ga hawaye a idonta. A awa ta shida ƙafafun suka kumbura, ta miƙe da kyar tana dafa bango. Ta sake gwadawa ranar Laraba, ko awa biyar ba ta kai ba.

Ta kira Dorothy ta ce kasuwa ba za ta bar ta ta zo ba. Ƙarya ce, kuma ta yi mata ciwo fiye da gwiwar, don ta ji yadda muryar yarinyar ta karye.

Maƙwabciyarta Hajiya Muniratu, mutuniyar Bida da ta je Makka sau biyu, ita ta tsare ta da tambaya har ta faɗi gaskiya. Hajiya ta tafa hannu.

"Maman Dorothy! Wa ya ce miki ɗaure mutum ake yi? Ana tashi, ana zagayawa, har bayan gida akwai a ciki!"

"A sama ɗin?"

"A saman."

Hannah ta karɓe wayar Irimiya, ta kira Dorothy.

"Dorothy, ashe ana tashi a ciki. Ba kasuwa ba ne, ƙafana ne, kunya na ji. Sayi tikiti."

Sai Dorothy ta ce, "Mama, da ma ban fasa saya ba. Na zaɓa miki kujerar bakin hanya a jirgin, inda za ki riƙa tashi."