Dutsen da Gwaggo Ta Binne

Wanda ya girma a Maiduguri bai san hawa ba. Garin shimfiɗe yake kamar tabarma, abin da muke kira tudu a unguwarmu Wulari bai wuce tarin yashin magina ba. A nan na yi makaranta, a nan na samu aikin akawu, a nan na ajiye tumbi. Amma Baba mutumin dutse ne, daga can kudancin Borno. Tun da tashin hankali ya koro shi daga ƙauyenmu ya dawo gidana, ba shi da aiki sai zama a ƙofar ɗaki yana kushe garin, da ruwansa, da tuwon matata.

Da ciwo ya kwantar da shi, sai ya kira ni.

"Ka hau dutse ka gaya wa gwaggonka ta ware mini wuri kusa da ubana. Ba zan kwanta a ƙasar mutane ba."

"Baba, wa zai hau da gawa can?"

"Kai. In ba haka ba, me na haife ka ka yi?"

Haka yake magana tun ina yaro. Na ji haushi, amma na shirya, don an ce hanya ta ɗan lafa, tsofaffi kaɗan ma sun koma saman.

Mota ta ajiye ni a garin da ke gindin dutsen. Na nemi wanda zai raka ni, kowa ya ce yana da aiki a gona. Wata mata ta nuna mini hanya da haɓa, ta dubi takalmina na ofis, ta yi dariya ba ta ko ɓoye ba.

Ta yi gaskiya. Tun ban yi nisa ba takalmin ya fara zame mini, na cire na rataya a wuya. Hanyar da na sani ina yaro ciyawa ta cinye ta. Gonakin da kakanninmu suka tare da jerin duwatsu, hawa-hawa, duk sun rushe, sai in taka dutse ya mirgina ya bar ni da rarrafe. Ƙaya ta yi mini kaca-kaca. Birai suka zauna a sama suna kallona, ko motsawa ba su yi ba.

Kusa da ƙololuwa akwai wata tsaga tsakanin manyan duwatsu biyu, wadda dole sai ta cikinta ake bi. Mutum ya jingina baya da ɗaya, ya tokare ƙafa da ɗaya, ya riƙa tura kansa sama. A tsakiya na tsaya. Na leƙa ƙasa, na ga inda zan faɗa, na san ba wanda zai neme ni sai ungulu. Tsoro ya kama ni sosai. A nan na zagi Baba da ƙarfi, dutsen ya maido mini da muryata. Da gwiwa da farce na fita.

A saman na iske Gwaggo, yayar Baba, zaune kan falalen dutse tana shanya dawa. Ƙafarta ta hagu a shanye take tun tana budurwa, ta miƙe ta gefe kamar itace. Na durƙusa na gaishe ta da yarenmu. Ta amsa mini da Hausa, yadda ake amsa wa mai karɓar haraji.

"Sannu da rashi. Ka zo gaisuwa a makare."

"Rashin wa, Gwaggo?"

Ta dogara sanda ta ce in biyo ta. Muka wuce maƙabartar gidanmu, inda kakana yake, ba ta tsaya ba. Sai can ƙasa, bayan katanga, inda ake binne baƙi, ta nuna mini wani tarin duwatsu.

"Ga ubanka nan."

Na san al'adar. A wurinmu, idan mutum ya mutu a nesa ba a samu gawarsa ba, akan ɗauki dutse a naɗe shi da fatar akuya, a binne a madadinsa. Daga ranar ya zama mamaci. Kuma ba a binne mutum sau biyu a kan dutsen nan, ko shi wane ne.

"Gwaggo, ai yana da rai. Yana gidana a Maiduguri. Shi ya aiko ni."

"Na sani."

Ta zauna a kan katangar, ta gyara ƙafar da hannu.

"Ranar da aka gudu, ina zaune a ƙofar ɗakina. Ubanka ya shigo da sauri ya kwance awakinsa. Na kira shi da sunan da uwarmu take kiransa. Ya juyo, ya dube ni ido cikin ido, ya ja awakinsa ya tafi. A kogo na ɓuya, ina cin ganye. Da mutane suka fara dawowa, na tara dattawa na ce ƙanena ya mutu a hanya. Ni na zaɓi dutsen. Ni na jawo shi har nan."

Na roƙe ta. Na ce tsoho ne, ciwo ya ci ƙarfinsa, ta tone dutsen ta gaya wa dattawa kuskure aka yi. Har da sunan Allah na haɗa ta. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce in kama hanya tun rana ba ta yi sanyi ba, don saukar ta fi hawan kisa. Ko ruwa ba ta ba ni ba.

Na sauko da gindi, ina zamewa, wandona ya yage. Zuciyata tana tafasa, ban ma san da wa nake fushi ba.

Da na iso Wulari, Baba bai tambayi ƙafafuna da suka kumbura ba.

"Ta ware?"

Na zauna a bakin gadonsa na gaya masa komai, ban rage ko kalma ba. Ya zuba wa rufin ɗaki ido.

"Kusa da ubana ta sa shi?"

"A'a. Bayan katanga, wurin baƙi."

Na ga idonsa ya kawo ruwa, amma tausayinsa bai zo mini ba.

"Baba, da gaske ka juyo ka dube ta?"

Ya rufe ido, har na ɗauka barci ya kwashe shi.

"Awaki da ƙafarsu suke tafiya," in ji shi. "Ita sai an goya."